Farar Fitilar Muntaka

Akwai wani manomin lambu mai suna Muntaka, a wani ƙauye da ake kira Rafin Ɗinya, tsakanin Minjibir da Kano. Mutum ne mai ƙwazo, wannan ko wanda ba ya son sa ba zai musa ba. Latas ɗinsa da alayyahunsa sun fi na kowa kyau a duk fadamar.

Amma yana da wani hali da ya sa mutane ke kaffa-kaffa da shi. Ba ya manta wulaƙanci. Idan ka faɗa masa baƙar magana yau, ko bayan shekara uku zai maimaita maka ita, har da inda kake tsaye lokacin da ka faɗe ta.

Kullum da an idar da sallar asuba yake ɗaure kwandon kaya a bayan kekensa, ya nufi kasuwar kayan gwari a birni. Dole a fita da wuri, domin ganye ba ya son rana, 'yan sari kuma ba sa jiran kowa.

Ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai maƙwabcinsa Baba Kolo, dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda kakanninsa suka zo daga Borno tun kafin a haifi mahaifin Muntaka. Lambunsu a jere yake, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan suna bin titin nan tare. Baba Kolo ne a gaba kullum, saboda ya san kowane rami da ke kan kwaltar. Yana da 'yar tocila da yake ɗaurewa a kan keken don ganin hanya. A baya kuwa, daga shi har Muntaka babu mai ko ɗigon haske.

Wata asuba a lokacin sanyi, gari bai ko fara washewa ba, sun kai wata kwana sai ga wata motar haya, hayis, daga bayansu a guje. Direban bai ga Muntaka ba sai da ya kusa hawa kansa. Ya taka birki, tayoyi suka yi ƙara. Muntaka ya kauce ya faɗa ramin gefen titi, da shi da keken da kwandon. Ruwan wani lambu ne ya malalo ya kwanta a ramin, latas ɗin duka ya watse cikin taɓo.

Direban sunansa Kamilu, ɗan cikin garin Minjibir, shi ke ɗaukar lodin farko zuwa Kano. An san shi da zafin kai da rashin tauna magana. Ya diro daga mota, bai ko tambaya an ji ciwo ba.

"Kai aljani ne da za a gan ka a cikin duhu?" in ji shi. "Baƙar riga, baƙin keke, ko fitilar wasan yara babu. In mutuwa kake nema, je ka neme ta a gidanku, kada ka ɗora min."

Muntaka ya fito daga ramin, taɓo har fuska, ya mayar masa da zagi. Kamilu ya sa ƙafa ya shure kwandon daga kan titi, ya ce ya je ya sayi fitila kamar kowane mai hankali. Daga cikin motar wata mata ta leƙo ta ga fuskar Muntaka, dariya ta kufce mata. Wasu fasinjojin suka taya ta.

Da ba don Baba Kolo ya shiga tsakani ba, da an ba hamata iska a wajen. Motar ta tafi, suka tsince abin da zai tsintu.

A hanyar dawowa Baba Kolo ya yi ta lallashinsa. Ya ce bakin direban nan ba shi da kyau, amma abin da ya fito daga cikinsa gaskiya ne, su biyun ba a ganin su daga baya, Allah ne kawai yake ta kare su. Abin da ke yawo a ran Muntaka ba motar da ta kusa kashe shi ba ce. Dariyar matar nan ce.

Da la'asar ya tafi shagon Naziru, mai cajin waya a bakin masallacin ƙauyen. Naziru yana da sola a kan rufin shagon, kuma ban da caji yana sayar da tocila, rediyo da ƙananan kayan wuta. Da ya ji abin da ya kawo Muntaka, ya ji daɗi, ya ce ya daɗe yana yi wa masu keke wannan maganar ba mai saurarensa.

Ya fito da fitilu uku a kwalayensu ya baje a kan teburi.

Ta farko mai araha ce, kala-kala, tana walƙiya shuɗi da kore. Naziru ya ce shi da kansa ba ya ba da shawarar a saye ta, cajinta ba ya kai mutum birni, kuma raɓa kaɗan ke kashe ta. Ta biyu batir ake sa mata, ya ce wannan za ta ci kuɗin mutum a hankali, kuma ranar da aka fi buƙatarta ranar batirin ke mutuwa.

Ta ukun ita ya riƙe a hannu yana juyawa. 'Yar ƙarama ce ja, da roba mai ƙarfi ta ɗaurewa. Ya nuna masa inda ake soka wayar caji, irin ta wayar hannu, da murfin da ke hana ruwa shiga. Ya ce caji ɗaya zai kai shi kwana huɗu ko biyar. Tana da tsayayyen haske, tana da mai ƙiftawa, kuma direba zai hango ta tun daga nesa ba tare da ta cutar da idonsa ba. Ya ƙara da cewa kada ya ɗaura ta a ƙarƙashin sirdi, domin kwandon kaya zai rufe ta. A bayan kwandon za a ɗaura, ta kalli baya sosai.

"Ka ɗauki biyu," in ji Naziru. "Ɗaya taka, ɗaya ta Baba Kolo. Zan rage maka."

Muntaka ba ya ma kallon jar fitilar. Idonsa na kan wata ƙatuwar fara da ke rataye a bango, irin wadda 'yan sintiri ke saye. Ya ce a sauko masa da ita. Ya kunna, ya haska bangon masallaci, duk da rana ba ta faɗi ba hasken ya fito tar.

Naziru ya ce wannan ai ta gaba ce, kuma ko a gaban ma ta yi wa keke yawa. Muntaka ya ce a baya zai ɗaura ta.

Naziru ya ɗauka wasa yake, da ya ga fuskarsa ya gane ba wasa ba ne. Ya yi masa bayani a natse. Ya ce duk direban duniya ya san ja baya ne, fari gaba ne. Idan ya ga fari zai zaci babur ne ya taho a hannunsa. Ban da haka, irin wannan hasken idan ya daki idon mutum a cikin duhu, sai ya yi 'yan daƙiƙu bai ga komai ba, kuma motar ba tsayawa take ba a cikin daƙiƙun nan.

"Abin da nake so ke nan," Muntaka ya ce. "Ya ce ba ya ganina. To zai gan ni har sai ya daina ganin komai."

Naziru ya so ya hana, amma ya san halin mutumin, kuma fitilar ta daɗe a bango ba mai saye. Ya gaya wa kansa fushi ne, kwana biyu zai huce. Ya naɗe masa ita a leda.

A gida Muntaka ya samo sanda ya ɗaure ta a tsaye a bayan kwandon, ya ɗaura fitilar a kai, ya ɗan ɗaga bakinta sama daidai tsayin gilashin hayis. Ya yi ta gwadawa har sai da ya tabbatar zai iya miƙa hannu baya ya kunna ba tare da ya sauka ba. Matarsa Rahmatu tana tankaɗe tana kallonsa. Ta tambaye shi ko wannan ce fitilar da ake cewa tana kare mutum. Ya ce ta yi abin da ke gabanta.

Motar Kamilu ba ta ɓuya, salansarta a fashe take, tun daga nesa ake jin ta. Washegari da asuba Muntaka ya bari sai da ƙarar ta matso sosai, sannan ya miƙa hannu ya kunna. Motar ta yi tangal-tangal, birki ya yi ƙara, fasinjoji suka yi salati. Muntaka ya fashe da dariya.

Kamilu ya tsaya a gaba ya fito yana zage-zage. Muntaka ya wuce shi a kan keke yana cewa ai shi ya ce a sayi fitila, ga ta an saya.

Haka aka yi ta yi kowace asuba. Ba Kamilu kaɗai abin yake samu ba, masu babur da masu a-kori-kura duk sun sha hasken, suna wucewa suna tsine masa. Amma na Kamilu daban ne, shi ake jira. Rana ta huɗu ya fito da ƙarfen taya a hannu, sai da fasinjoji suka riƙe shi. Rana ta shida ya aika wa dagacin Rafin Ɗinya cewa a ja wa mutuminsu kunne kafin a yi asarar rai.

Dagaci ya aiko a gaya wa Muntaka. Saƙon ya same shi a majalisa, gindin dalbejiya, ya maimaita amsarsa ta kullum cewa ai Kamilu ne ya ce a sayi fitila, majalisa ta kwashe da dariya. Mutanen ƙauyen dama suna da ciwon direbobin hanyar a ransu. An take musu awaki ba sau ɗaya ba, an watsa musu ruwan kwalta, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ba da haƙuri. A wajensu Muntaka rama musu yake yi. Har wani ya ce a ƙara masa ta biyu.

Baba Kolo ne kaɗai bai yi dariya ba. Sau biyu yana tare shi a lambu. Ya ce masa motar da yake makantar da direbanta mutum goma sha takwas ne a ciki, kuma babu wanda ya shure masa kwando a cikinsu. Ya ce idan bai cire abin nan ba zai daina tafiya da shi. Shi kansa ya ce da ya sayar da albasarsa zai je wajen Naziru ya karɓi jar.

Amma albasar ba ta isa cira ba tukuna, kuma sabon shekara goma sha ɗaya ba ya yankewa a rana ɗaya. Kowace asuba sai ya tsinci kansa a ƙofar gidan Muntaka yana buga ƙararrawa.

Rana ta tara, ba su yi nisa da mahaɗar ƙauyen ba, ƙarar salansar ta taso. Muntaka ya jira kamar kullum, ya kunna.

Kamilu ya riga ya saba, ya rage gudu, ya sa hannu ɗaya ya kare fuskarsa, ya buɗe hagu don ya wuce. Sai ga wata babbar mota ta taho daga gaba. Yana wuce Muntaka ya yi maza ya karyo dama don ya ba ta hanya. Idonsa cike yake da farin haske, titin gabansa baƙi ƙirin. Baba Kolo yana nan, taku talatin a gaba, da kwandon alayyahu, babu komai a bayansa da zai nuna akwai mutum.

Gefen motar ya kwashe shi. Ya tashi sama ya faɗo a kan bakin kwalbati, keken ya bi ta kansa.

Abu na farko da Muntaka ya yi, kafin ya ruga wajen dattijon, shi ne ya fizge fitilar da sandar, ya kashe, ya cusa ta ƙarƙashin latas. Daga baya ya sha tambayar kansa yadda aka yi hannunsa ya riga zuciyarsa.

Ƙarar ta jawo mutanen da ba su daɗe da fitowa daga masallaci ba. Suka tarar da Baba Kolo a sume, ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Suka tarar da Kamilu durƙushe a kansa yana kiran a kawo ruwa. Ba wanda ya tsaya tambaya. Wani ya finciko shi ta wuyan riga, duka ya fara sauka.

Yana kare kansa yana ihu cewa fitilar nan ce, a duba keken Muntaka. Wasu suka juya suka duba. Babu komai a bayan kwandon.

"Yau ban fito da ita ba," in ji Muntaka. "Tana gida, ba caji."

Wani fasinja da ke gidan gaba ya ce shi fa ya ga farin haske, aka yi masa ca, ya ja bakinsa. Da aka fara jifan gilashin motar, fasinjojin suka watse kowa ya nemi hanyarsa. Kafin dagaci ya iso ya raba, an karya wa Kamilu hannun dama, an zubar masa da haƙora biyu. Muntaka bai kai masa ko duka ɗaya ba. Yana tsaye yana kallo.

'Yan sanda suka tafi da Kamilu. Aka sa Baba Kolo a wata mota zuwa asibiti a birni, Muntaka ne ya riƙe kansa a cinya har aka isa. Likitoci suka ce cinyar ta karye wuri biyu, ƙugun ma ya taɓu, sai an sa ƙarfe. Kwana biyu bai farfaɗo ba.

Da aka nemi bayanin Muntaka a ofishin 'yan sanda, ya maimaita abin da ya faɗa a bakin titi, ya sa hannu.

Ƙaryar ba ta da kauri, kuma rabin ƙauyen sun san haka. Naziru da hannunsa ya miƙa masa fitilar cike da caji ana gobe abin zai faru. Ya je ya sami wasu dattawa ya gaya musu. Suka ce ya rufe bakinsa, ba za a tona asirin ɗan gari ba saboda direban da ba ya ganin kowa da gashi. Naziru ya dawo ya tare Muntaka a hanyar lambu. Ya ce masa shi ma yana da kaso a jinin nan tunda shi ya sayar, kuma daga yau ko wayarsa kada ya ƙara kawowa shagonsa. Muntaka ya ce shagon nasa ɗin banza.

A gida kuma Rahmatu ta daina yi masa magana sai abin da ya zama dole. Ta gan shi ya fita da fitilar da idonta. Da ta shiga rumbu ɗibar gero ta same ta a tsakanin dammuna, a naɗe cikin tsohon buhu. Ba ta taɓa ta ba. Da ta kawo masa tuwo ta ajiye, ta ce masa ita ba za ta ƙara ɗibar abincin 'ya'yanta daga rumbun da abin nan yake ciki ba. Ya daka mata tsawa, ta tashi ta bar masa wajen.

Rana ta uku aka aiko cewa Baba Kolo ya farfaɗo. Muntaka ya yi ta jan ƙafa har la'asar, sannan ya hau mota ya tafi.

Matar Baba Kolo, Inna Amsa, tana zaune a bakin gadon. Tana ganin sa ta fara sa masa albarka. Ta ce an gaya mata shi ya riƙe Malam har asibiti, rigarsa duk jini, Allah ya saka masa, Allah ya ba shi masu yi masa. Ta juya kan Kamilu ta yi ta jan Allah ya isa, ta ce da ma sun ƙarasa shi a wajen. Muntaka yana tsaye, kowace albarka tana sauka a kansa kamar bulala.

Baba Kolo ya ce mata ta je ta samo masa ruwan zafi. Da ta fita ya fara magana. Muryarsa ta dushe.

"Kullum in ka kunna abin nan sai ka yi wata dariya," ya ce. "Ranar ma na ji ta. Ita ce abu na ƙarshe da na ji."

Muntaka ya buɗe baki, dattijon ya ɗaga hannu.

"Gobe 'yan sanda za su zo su tambaye ni. Ina kwance a nan ban san ko zan tashi ba, ba zan tafi wajen Ubangijina da ƙarya a bakina saboda kai ba. Ka riga ni zuwa wajensu. Abin da ya rage da zan iya yi maka ke nan."

Daga nan ya juya fuskarsa bango. Da Inna Amsa ta dawo da ruwan, Muntaka ya riga ya fita.

Washegari da sassafe ya shiga rumbu ya ɗauko buhun. Bai gaya wa kowa ba, ya hau kekensa ya tafi ofishin 'yan sanda, ya ajiye fitilar a kan kanta, ya ce bayanin da ya bayar ƙarya ne. Ya faɗi komai, tun daga ramin taɓo har zuwa ƙarƙashin latas.

Aka fito da Kamilu don a ji ta bakinsa. Fuskarsa a kumbure, hannun a ɗaure da ƙyalle a wuya. Bai kalli Muntaka ba, ya tambayi ɗan sandan ko tsohon yana da rai. Da aka ce yana da rai, ya jingina da bango ya rufe ido na ɗan lokaci.

Muntaka ya roƙe shi ya yafe masa.

"Kana tsaye," in ji Kamilu. Maganar tana fita da ƙyar saboda leɓen ya fashe. "Suna taka min hannu ina kallon ka, kana tsaye. Zagin da na yi maka na yarda na yi, bakina ne. Amma ka je ka nemi yafiyarka wani waje, a wajena babu."

An tsare Muntaka kwana biyu. Daga baya aka zauna da dagaci da shugabannin direbobi, Baba Kolo kuma ya aiko cewa ba ya son shari'a da kowa. Aka saki Kamilu. Muntaka ya sayar da shanun nomansa guda biyu, aka yi wa mutum biyun magani aka gyara gilashin mota.

Kuɗin bai mayar da komai yadda yake ba. Hannun Kamilu ya haɗe a karkace, ba ya iya riƙe sitiyari na dogon lokaci. Mai motar ya ba wani. Yanzu yana tasha yana kiran fasinja, kuma duk ranar da ya hango Muntaka sai ya tofar da yawu ya juya baya.

Mutanen majalisa, waɗanda suka yi ta dariya suna cewa a ƙaro ta biyu, su ne suka fi kowa tsanar sa. Waɗanda suka doki Kamilu da hannunsu suka ce shi ya sa su ɗaukar alhaki. Idan ya zo gindin dalbejiya sai hira ta mutu, a fara tashi ɗaya bayan ɗaya, har ya daina zuwa. A cikin sati biyu jajayen fitilun Naziru suka ƙare, ya ƙara saro wasu, duk mai keke a ƙauyen ya ɗaura. Naziru ya ce bai taɓa cinikin da ya ƙi jin daɗinsa kamar wannan ba.

Inna Amsa kuwa, ranar da ta ji gaskiya ba ta yi kuka ba. Ta zo har ƙofar gidan Muntaka, a gaban mutane, ta ce duk albarkar da ta sa masa a asibiti ta janye ta. Da ya aika da buhun gero gidansu, ta sa aka mayar masa. Da ya fara ban ruwa a lambun Baba Kolo ba tare da an sa shi ba, ta ba wani mutum daban lambun ya riƙe.

Bayan wata huɗu aka dawo da Baba Kolo gida. Ƙafar ta gajarce, da sanda yake tafiya, keke kuma shi da shi har abada. Ba ya iya zama cikin gida, don haka kullum da hantsi ake shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, a bakin hanyar da ta fito daga titi.

Ta nan Muntaka yake wucewa idan ya dawo daga kasuwa, shi kaɗai. Babu wata hanyar zuwa gidansa. Kullum sai ya sauka daga keken tun daga nesa, ya turo shi a hankali, ya tsaya ya yi sallama.

Baba Kolo yana amsawa, cikakkiya, domin amsa sallama wajibi ce. Muntaka yakan ɗan tsaya ko za a ƙara wani abu, ko tambayar yadda kasuwa take, ko nawa aka sayi alayyahu yau. Shekara biyu ke nan, dattijon bai taɓa ƙara kalma ɗaya ba.

Darasi: Gaskiya ko daga bakin wanda ya zage ka ta fito, gaskiya ce, ka ɗauke ta ka bar masa zaginsa. Abin da aka yi don kare rai kada ka mayar da shi makamin ramuwa, domin fushi ba ya zaɓen wanda zai faɗa wa, sau da yawa na kusa da kai yake samu. Masu keke da ke fita da asuba ko dawowa bayan magariba, ku ɗaura jar fitila a baya, ku tabbatar tana da caji kuma kaya bai rufe ta ba. Direbobi, ku tausasa harshe. Ku tura wannan labari ga duk wani mai keke ko direba da kuka sani, wataƙila ya zama sanadin da wani zai koma gida da ƙafafunsa.